Daga Damagaram zuwa Yankari: yadda ake shirya hutun kwana biyar a mota don ganin giwaye

Yaron da aka haifa a Maradi ko Damagaram cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan ya san giwa a littafin lakkwal da allon salula, ya san ta a tatsuniya da kirari, amma da wuya a ce ya taɓa tsayawa ya ga ta miƙa hanci ta karya reshe. Iyayensa kuwa, musamman waɗanda suka yi karatu ko aiki a Yamai, da dama sun gani. A da, tafiyar kilomita 150 ce daga babban birni zuwa Tapowa, ƙofar gandun dajin W, a kwana ɗaya ko biyu a komo. Wanda lokaci ya ƙure masa sai ya tsaya Kure, kilomita 60 a kan hanyar Doso, ya kalli raƙuman dawa suna kiwo a bakin gonakin gero.

Waɗannan ƙofofin sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direbansu da ɗan jagora. Gandun W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, ya zama mazaunin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Gandun Panjari na ƙasar Benin, inda aka sace Faransawa biyu aka kashe ɗan jagoransu a watan Mayun 2019, shi ma ya shiga wannan hali, ga shi gadar Gaya ta daɗe a rufe bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023. Akwai Gadabeji a arewacin jihar Maradi, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018, sai dai can babu giwa. Giwayen dajin Babban Rafi da dattawan Madarunfa ke ba da labari ma sun ɓace tuni.

Shi ya sa iyalin da ke kudancin Nijar, mai mota da ɗan abin hannu, wanda ke son ƴaƴansa su ga manyan namun daji ido da ido, yake waiwayar Najeriya. Wurin da ya fi kusa, wanda kuma ake zuwa da Hausa tun daga ƙofar gida har bakin daji, shi ne gandun Yankari na jihar Bauchi.

Gandun yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kudu maso gabas da birnin Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, wato kusan daidai da ɓangaren Nijar na gandun W. Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamban 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun jihar Bauchi. Wannan batu na ƙarshe yana da amfani ga matafiyi, domin jiha a Najeriya tana da zaɓaɓɓen gwamna da kasafin kuɗinta, kuma gyaran ɗakunan kwana da hanyoyin cikin daji ya dogara ga yadda gwamnatin da ke kai ta ɗauki wurin. Wanda ya je shekaru biyar da suka wuce, labarin da zai bayar game da ɗakuna da wuta ba lalle ya yi daidai da abin da za a tarar bana ba.

Hanya

Daga Damagaram, hanya mafi sauƙi ita ce ta Matamai zuwa Ɗan Barto, a tsallaka Kwangwalam, a bi Daura da Kazaure a shiga Kano, kimanin kilomita 240. Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi, kimanin 300. Daga Bauchi sai a ɗauki hanyar Gombe har Dindima, a karkata kudu zuwa Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofar kuma da sauran tafiya, kilomita 40 da ƴan kai cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda masauki yake. Jimilla, kimanin kilomita 650 ke nan daga Damagaram.

Mutumin Maradi yana da gajeriyar hanya ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, wadda za ta sa tafiyarsa duka ta kusa kilomita 700. Amma yankin Jibiya da kudancin Madarunfa suna cikin wuraren da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu suka fi addaba. Zagayawa ta Tasawa da Takeita a faɗa hanyar Matamai yana ƙara sama da kilomita 100, kuma ga mai ɗauke da mata da yara wannan ƙarin ba asara ba ne. Mutanen Tawa da Yamai dole su ƙara kwana guda a kowane ɓangare, don haka hutun kwana biyar ba zai ishe su ba, sai dai mako cikakke.

Ga wanda ya tashi daga Damagaram, kwanakin suna rabuwa kamar haka. Ranar farko a tsallake iyaka da hantsi, a kwana Kano. Ranar biyu a bar Kano bayan sallar asuba don a isa ƙofar gandun kafin la'asar. Ranar uku a yini a daji. Ranar huɗu a sake fita kallon dabbobi da sassafe, a kamo hanya da wuri. Ranar biyar a komo gida. Tsari ne mai matsi, kuma rana ta biyu da ta huɗu kowace tana da sama da kilomita 400 na tuƙi. Wanda zai iya ƙara kwana ɗaya ya kwana Bauchi, ya ci masar da garin ya yi suna a kanta, ya ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan farko na Najeriya da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, shi ya fi more tafiyar.

Hanyar kanta tana da abin tsayawa. A Daura akwai rijiyar Kusugu ta labarin Bayajidda, ba ta cin fiye da rabin awa. A Kano, hawan dutsen Dala da maraice yana nuna wa yara girman birnin da suka saba jin sunansa a bakin ƴan kasuwa, marinar Ƙofar Mata kuma tana nan tana aiki. Wurin da aka fi wucewa ba tare da an sani ba shi ne Birnin Kudu, a jihar Jigawa. A duwatsun gefen garin akwai zanen shanu na mutanen da, a jikin dutse ƙarƙashin inuwar kogo, wasu masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da ba a kiwonsu a yankin yanzu. Akwai kuma duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙuge. Duk wanda ya taɓa ganin zanen duwatsun Ayar zai so ya kwatanta. Sai a tuna cewa ranar Juma'a kasuwar shanu ta Wudil ke ci, kuma cunkoson gadar garin kan cinye lokacin da ba a yi lissafi da shi ba.

Takardu da kuɗi

A nan ne mutanen bakin iyaka suka fi yin kuskure. Wanda ya saba hawa babur ya ci kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya komo ba wanda ya tambaye shi ko da katin ɗan ƙasa, yakan ɗauka haka abin yake ko'ina. Shiga kilomita 500 cikin Najeriya da mota mai lambar Nijar wani abu ne daban.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ce ƙungiyar ta sanar cewa, har zuwa wani sabon umurni, ƙasashenta za su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta na ƴan ƙasashen uku, su kuma bar su shiga ba biza. Kalmar “har zuwa wani sabon umurni” ita ce abin lura: doka ce da za ta iya sauyawa, don haka kafin a ɗaura kaya a tambayi ofishin ƴan sandan iyaka ko ofishin jakadancin Najeriya abin da ake ciki. Iyakar kanta an rufe ta bayan Yulin 2023, ba a sake buɗewa ba sai a watan Maris na 2024. Fasfo ya fi kati kwanciyar hankali, saboda ana buga masa hatimin shiga, shi ne shaidar cewa ta ƙofa aka shigo. Yara su zo da takardun haihuwa, in kuma ɗaya daga cikin iyaye ba ya cikin tafiyar, a riƙe takardar izininsa. Kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Ita mota tana buƙatar kart giriz da sunan mai tuƙi, ko takardar wakilci in ta wani ce, da parmi, da takardar duba lafiyar mota, da takardar shigar da mota na ɗan lokaci da kwastan na Najeriya ke bayarwa a iyaka. Inshorar cikin gida ba ta tsallake iyaka. Wadda ke aiki ita ce Carte brune, tsarin da CEDEAO ta kafa a 1982 don biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna a wata ƙasa. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar, hikima ita ce a sa kamfanin inshora ya rubuta a takarda cewa abin da ya sayar yana aiki a Najeriya a kwanakin tafiyar. Jami'an kiyaye haɗura na can suna tambayar abin kashe gobara, da alamar kusurwa uku ta tsayawa, da tayar canji, kuma suna sa ido kan ɗamarar kujera. Shingaye suna da yawa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a wasunsu, can da nan gida, ana neman na goro, kuma lambar baƙuwar ƙasa tana jan ido. Cikakkun takardu da kwafinsu, da sallama cikin ladabi, su ne ke rage tsawon tsayuwa.

Lissafin mai ya sauya a ƴan shekarun nan. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashinsa a can ya ninka har sau uku ko fiye, a Nijar kuwa an sauke litar esans zuwa Sefa 499 a watan Yulin 2024.   Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha kusan lita 110 a tafiyar kilomita 1,400, zuwa da dawowa da ƴan zagaye, abin da ya kai kimanin jika 55 in an lissafa da farashin gida na 2024. A ware fiye da haka. Ɗaukar jarkoki cike da mai a tsallaka iyaka kuwa neman rigima ne da duwan.

A ɗaya ɓangaren, faɗuwar naira tun daga 2023 ta sa Sefa ta yi nauyi: jika ɗaya ta riƙa kawo sama da naira 2,000 tun daga 2024. Otel da abinci sun yi wa ɗan Nijar sauƙi fiye da da. Ana canji a bakin iyaka ko a Wapa cikin Fagge a Kano. A shiga daji da tsabar naira, domin layin waya ba ya kamawa ko'ina, na'urar cire kuɗi kuma ba abin dogaro ba ce a can. Ya fi sauƙi mutum ya sa a buɗe wa layinsa na gida damar aiki a ƙetare tun kafin ya tashi.

Abin da ake gani, da lokacin ganinsa

Mafi yawan waɗanda suka komo daga Yankari suna ƙorafin ba su ga komai ba, lokaci ne suka saɓa. Gandun yana samun ruwan sama milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, ninki biyu na abin da Damagaram ke samu. Da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, ruwa yana kwance a kowane kwari, dabbobi sun bazu cikin dajin da ya fi murabba'in kilomita dubu biyu. Giwa tana iya tsayawa taku talatin daga mota ba a gan ta ba. Da rani ya yi nisa, tafkuna suka ƙafe, sai komai ya gangaro kogin Gaji, wanda ya ratsa gandun kuma ba ya ƙafewa. Babbar giwa tana shan sama da lita 100 na ruwa a yini, tana cin ganye da ciyawa da ɓawon itace da ya kai kilo 150, don haka ba ta iya yin nisa da fadamar. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne aka fi ganinta. Hutun Disamba yana da daɗin sanyi, amma ciyawa ba ta gama kwantawa ba, hazo kuma yana rage gani. Hutun lakkwal na ƙarshen Maris ya fi dacewa, sai dai a shirya wa zafi.

Ba a yawo a dajin yadda aka ga dama. Ana fita ne da safe da kuma la'asar, cikin buɗaɗɗiyar motar gandun ko motar mutum in tana da tsayi, tare da ɗan jagora. Ƙaramar mota ta isa ta kai sansani, amma ba ta dace da hanyoyin bakin kogi ba. Kuɗin shiga daban, na ɗaki daban, na fita kallo daban, kuma yana da kyau a tambaya tun a waya ko ana yi wa baƙi daga ƙetare wani farashi.

An lissafa dabbobi masu shayarwa sama da iri 50 a gandun, da tsuntsaye sama da iri 350. Waɗanda kusan tabbas ne a gani su ne gwaggon biri, da gadu, da gwambaza, da mazo, da jan biri. In an yi sa'a a haɗu da garken ɓauna, ko gwanki, ko kanki. Dorina da kada suna cikin ruwan Gaji. Tsuntsaye kuwa, ko an rasa komai ba a rasa su ba: burtu yana takawa a ƙasa kamar mai unguwa, ga cilakowa, ga zabin daji, ga mikiya. Ga yaron Sahel, itatuwan kansu abin kallo ne, kawo da maje da maɗaci masu tsayin da bai saba gani ba. Raƙumin dawa babu shi a Yankari. Wanda ke son ganinsa tare da jakin dawa sai ya ratse gandun Sumu da ke tsakanin Ningi da Bauchi, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006.

Giwayen Yankari ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya duka. Sun fi haka yawa a da, masu farautar haure ne suka rage su. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedikwata a Amurka, ta shiga aikin tare da gwamnatin Bauchi, tana tallafa wa sintirin masu gadin daji, an kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Daga 2015 an yi shekaru a jere ba a samu giwar da aka kashe don haurenta ba. Amma garken giwa ba ya cika da sauri: ciki wata 22 ne, ɗa ɗaya ake haifa, sai an yi shekaru kafin wani. Matsalar da ta fi zafi yanzu ita ce ta maƙwabtaka. Gandun ba shi da shinge, giwaye suna fita da kaka su shiga gonakin ƙauyukan gefe, kuma dare ɗaya ya isa su share abin da manomi ya yi damina yana wahala a kai. Makiyaya su ma suna kutsawa da shanu neman ciyawa da ruwa, abin da mutumin Dakwaro ko Tanut ba ya buƙatar a yi masa bayani. Masu gadin dajin sun rasa abokan aiki a arangama da mafarauta.

Zaki yana nan, amma kada a yi wa yara alkawarinsa. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kusan kashi 90 cikin ɗari kuma suna cikin dajin W da Arli da Panjari, wato daidai inda rikici ya mamaye yanzu. A Najeriya wurare biyu kawai suka rage musu, Kainji da Yankari, kuma na Yankari ƴan ƙalilan ne. Wanda ya ji gurnaninsa da dare daga ɗaki ya samu rabonsa.

In an yi kiciɓis da giwaye, maganar ɗan jagora ita ce doka. Ba a sauka daga mota, ba a ɗaga murya, ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Giwar da ta buɗe kunnuwa ta fuskanci mota tana kaɗa kai, gargaɗi take yi, kuma tana gudun da ya fi na mutum. Akwai ƙudan tsando a bakin kogi, cizonsa da zafi, kuma baƙin tufafi da shuɗi ne ke jawo shi, saboda haka a sa masu haske da dogon hannu.

Ruwan Wikki da kogunan dutse

Abin da ke sa ko wanda bai ga giwa ba ya komo da fara'a shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Ƙasa da sansanin, in an sauka matakala, ruwa yana fitowa daga gindin wani dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ana ƙiyasta yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana, ya gangara ya faɗa Gaji. Dalilin ɗumin ba wani abin al'ajabi ba ne. Ƙasar yankin dutsen yashi ce mai shan ruwa. Ruwan sama yana nutsewa can ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kimanin digiri 3 a kowace mita 100, ya daɗe yana tafiya a hankali cikin dutsen, yashi yana tace shi, sannan ya ɓullo da ɗumin da ya ɗauko. Masu zuwa Tafadek kusa da Agadas sun san irin wannan, sai dai na Wikki ba ya ƙuna, wanka ake yi a cikinsa kamar a kogi.

Wajen bakin dutsen zurfin ya kusa mita 2, ya fi ƙarfin wanda bai iya iyo ba, kuma yawancin yaran da suka tashi nesa da kogi ba su iya ba. Can ƙasa ruwan bai wuce ƙugu ba, nan ya kamata su tsaya, babba yana kusa. Iyalin da ke son sutura da natsuwa su sauka da sassafe, ko su zaɓi ranakun aiki. A hutun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara wurin yakan cika maƙil da ɗalibai da ƴan yawon buɗe ido daga ko'ina a Najeriya, ɗaki ma sai wanda ya kama tun da wuri. A wannan wurin kaɗai ake wanka, sauran ruwan gandun na kada ne da dorina.

Masu sansanin na gaskiya su ne gwaggon birai. Sun saba da mutane har sun raina su. Suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna shiga mota ta taga, suna fizge leda daga hannun yaro, domin sun koyi cewa leda tana nufin abinci. Babban namiji yana da fiƙa mai tsawo, ba a kokawa da shi a kan burodi. A kulle ɗaki ko da za a je nan da can, kada kuma a ba su abinci da hannu. A riƙe tocila da gidan sauro da maganin zazzaɓi, domin wutar sansanin tana ɗaukewa.

Ga masu son motsa jiki akwai kogunan Marshal, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, kowane da ƙaramar ƙofa zagayayya da sai an durƙusa ake shiga. Sunan wani mai bincike ne da ya bayyana su a 1980, kuma ana kyautata zaton mafaka ce ta lokacin hare-haren neman bayi. Akwai rijiyoyin Dukke, sama da 130 da aka haƙa suna haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, da ragowar matoyar ƙarfe ta maƙeran da, da dutsen Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai wanda ake hango faɗin dajin daga samansa. Duk waɗannan da ɗan jagora ake zuwa, wasu kuma sai an tambaya ko hanyarsu tana biyuwa a lokacin. A sansanin akwai ɗan gidan tarihi mai haure da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta.

Batun tsaro

Ba daidai ba ne a ce wa mai karatu Yankari tudun mun tsira ne. A shekarun nan an sha kai hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin, wajen Gwana da Duguri, an kuma samu satar mutane a dazukan yankin Ningi. Baƙi suna ci gaba da zuwa sansanin Wikki, amma hali na iya sauyawa cikin mako guda. Wanda zai tafi ya kira ofishin gandun a Bauchi kwana biyu kafin tashi, ya kuma tambayi direbobin tasha da ƴan kasuwar da ke bin hanyar kullum, domin labarinsu ya fi na rediyo sabunta. Ba a tuƙin dare ko kaɗan, ba don ƴan fashi kaɗai ba, har don ramuka da manyan motoci marasa fitila. Motoci biyu sun fi ɗaya. A bar wa wani a gida tsarin tafiyar, a riƙa kiransa a kowane zango, kada kuma a baza hotuna a Facebook ko WhatsApp ana faɗin inda za a kwana gobe. In labarin da aka samu bai kwanta a rai ba, a tsaya Kano ko Bauchi, daji yana nan wata shekarar.

Wajen dawowa, kada a sayi naman daji ko fata ko ɗan biri ko wani abu da aka ce na haure ne a bakin hanya. Nijar da Najeriya duka sun sa hannu a yarjejeniyar CITES, wadda ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma abin da aka saya a matsayin tsaraba yana iya sa a kwana a ofishin duwan. A bar Kano da safe don a isa Kwangwalam kafin azahar, a miƙa wa kwastan takardar shigar da mota su soke ta, a kuma tabbatar an buga hatimin fita a kowane fasfo. Motar da ba a soke takardarta ba, a littafinsu tana nan cikin Najeriya, kuma ranar da aka sake zuwa da ita za a nemi bayani.